Kimiyya a Sauƙaƙe: Daskararren Abu Mai Zuciyar Ruwa

Duk wanda ya zauna bencin lakkol ya san cewa busasshen gishiri ba ya wucewa da wutar lantarki. Ƙwayoyinsa masu caji, waɗanda masana ke kira iyon, kowace tana kafe a mazauninta. Sai an narkar da shi a ruwa sannan su samu sakewa su ɗauki wuta. Dalili ke nan da ya sa ake zuba ruwa a batir ɗin mota.

To amma akwai ma'adinai da suka karya wannan doka. Tun wajen 1834 Maikal Faraday na Ingila ya lura cewa wasu gishirin azurfa da na dalma, in an gasa su, suna wucewa da wuta tun ba su narke ba. A 1914 Tubandt da Lorenz na Jamus suka auna gishirin azurfa da iyodi. Da zafinsa ya kai digiri 147, ƙarfin wucewar wuta ya ninka sau dubbai, dab da narkewa kuma har ya zarce na narkakkensa.

Mene ne sirrin? Ku dubi kasuwa ranar cinta. Ƙwayoyin iyodi su ne rumfuna, a tsaye suke bisa layi. Ƙwayoyin azurfa kuwa su ne masu sayayya, suna kai da kawowa a lunguna, domin guraben da ke tsakani sun fi su yawa. Rabin abin dutse ne, rabinsa tamkar ruwa. Zafi, wanda ke rage wa wayar tagulla kuzari, shi ke ƙara musu gudu.

Amfaninsu ya daɗe da barin littafi. A 1967 masanan kamfanin Ford suka bayyana irin wannan hali a wani nau'in alumina, aka gina batir na sodiyom da farar wuta a kansa. Tun 1976 motoci ke ɗauke da ɗan ma'aunin zirkoniya a salansa, mai daidaita mai da iska. A 2011 Ryoji Kanno da abokan aikinsa a Tokiyo suka haɗa wani daskararre da litiyom ke ratsawa da saurin da yake ratsa ruwa.

Nan maganar ta shafi aljihu. Ruwan da ke cikin batir ɗin wayar hannu yana kama wuta, zafi kuma yana rage masa kwana. Daskararre zai rage haɗarin gobara. Sai dai da sauran rina a kaba: tsada, tsagewa wurin haɗuwa da sauran sassa, ga kuma masu farar wuta da ke fitar da iska mai guba in sun sha danshi.

Saboda haka, ɗan kasuwar da aka yi wa tallar batir marar ruwa, da ma'aikacin da zai sa hannu a odar gwamnati, su nemi takardar gwaji kafin su zare kuɗi. Sayen kifi a ruwa ba dabara ba ne.