Raddi ga masu cewa wuta na kashe albarkar nonon raƙumi

A Tamanrasset, birnin da ke gindin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, inda Buzaye da Larabawa da Hausawan Agadas da Tawa ke cin kasuwa ɗaya, nonon raƙumi abin alfahari ne. Ana kawo shi daga daji a jarka, a ɗura a robobin ruwa, kuma mai sayarwa yakan ja kunnen mai saye: kada ka kuskura ka ɗora shi a wuta. Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma sun cancanci amsa.

Babbar hujjarsu ita ce taguwar da ke kiwo a sarari, tana cin ƙaya da ganyen daji, ba allura ba abincin kamfani, nononta tsarkakakke ne. Gaskiya ne irin wannan kiwo ya fi. Aljeriya na cikin ƙasashen da suka fi sayen madarar gari daga waje, a dama ta da ruwa a sayar a leda, don haka makiyayin da ke tatsar dabbarsa ya cancanci goyon baya. Sai dai ƙwayar cutar burusela ba ta tambayar abin da dabba ta ci. Raƙuma na ɗaukarta daga awaki da tumakin da suke haɗa rijiya da su, ta zauna a hantsa, ta fita cikin nono alhali taguwa na tsaye garau. Sau da yawa alamarta ɗaya ce: ɓari. Tun 1887 likita David Bruce ya gano ƙwayar a tsibirin Malta, a 1905 kuma Themistocles Zammit ya nuna cewa ta nonon awaki take shiga mutane.

Sukan ce kuma iyaye da kakanni sun sha ɗanye ba abin da ya same su. Wa ya ƙirga? Cutar ba ta kayar da mutum nan take. Sai bayan makonni zazzaɓi ya fara zuwa yana komawa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi da na ƙugu, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Maganinta na gaskiya ƙwayoyi iri biyu ne har mako 6. Ban da haka, kakannin suna shan nonon ne da ɗuminsa a gindin taguwa. Na yau yakan yi sa'o'i a bayan mota cikin zafin Sahara, an gauraya na garke da yawa a jarka ɗaya, taguwa guda mai ciwo ta ɓata duka. Matan Fulani ma ai sai sun dafa madara kafin su kwantar da kindirmo.

Wasu na kafa hujja da hadisin mutanen Uraina. Hadisin ya nuna halaccin nonon raƙumi da amfaninsa, bai hana dafa shi ba. A cikin Bukhari da Muslim kuwa an hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da masu lafiya.

Saura batun sinadarai. Tafasa mai tsawo na rage bitamin C, wanda nonon raƙumi ya fi na saniya yawansa, wannan ba musu. Amma ba a buƙatar dogon tafasa: ɗumamawa a zafin digiri 63 na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, ta isa kashe burusela da tarin fuka na dabbobi, furotin da kalsiyam kuwa suna nan. Bayan ɓullar cutar MERS a Saudiyya a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci mutane su guji ɗanyen nonon raƙumi.

Tsoron cewa ɗumamawa za ta kori ƙaramin makiyayi daga kasuwa shi ne ya fi taɓa zuciya, kuma Muritaniya ta amsa shi. A 1989 Nancy Abeiderrahmane ta buɗe masana'antar da aka sani da Tiviski a Nuwakshot, tana sayen nono daga hannun makiyaya, ta ɗumama, ta sayar a kwali. Makiyayan Ahaggar na buƙatar irin wannan: wurin tara nono mai firji mai aiki da hasken rana, da likitan dabbobi da zai gwada jinin garke duk lokacin da taguwa ta yi ɓari.