Rabi, 0.5 da kashi 50 cikin ɗari: suna uku, abu ɗaya

A watan Mayun 2024, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari daga kuɗin da aka tura ta waya ko kwamfuta, a matsayin harajin tsaron intanet. Dokar 2015 da ta kafa harajin ta rubuta adadin ne da 0.005, wasu kuma suka riƙa karanta shi kashi 0.005 cikin ɗari. Tazarar ninki ɗari ce: a kan naira 100,000, karatun bankin zai ci naira 500, ɗayan naira 5. An dakatar da harajin bayan jama'a sun yi ca, amma abin da ya rikita manya darasi ne na firamare.

Tushen matsalar yana cikin yadda muke koyarwa. Ana ba yaro "ɗaya bisa biyu" a babi guda, lamba mai ɗigo a wani, kaso cikin ɗari a na uku, kowanne da ƙa'idar da zai haddace. Sai ya tashi yana ganin 0.25 ya fi 0.5 girma, tunda 25 ya fi 5. A da, kwabo yana gyara wannan kuskure, domin duk yaron da aka aika kanti ya san kwabo 50 rabin naira ne. Yau kwabo ya ɓace daga hannun mutane.

Amma harshenmu bai bar mu hannu rabbana ba. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni da ushiri, kalmomin da lissafin gado da zakka suka zaunar a bakin Bahaushe. Wanda ya san matar mamaci tana samun rubu'i idan bai bar ɗa ba, rabonta kuma ya ragu zuwa sumuni idan ya bari, ba zai ɗauka 1/8 ya fi 1/4 ba. Zakkar kuɗi rubu'in ushiri ce, wato 1/40, wato 0.025, wato kashi 2.5 cikin ɗari.

Shawarata ga malamai da iyaye ita ce a ware minti goma kullum. A ɗauki adadi guda, kamar rabin mudun gero ko harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, yaro ya rubuta shi ta fuska uku, sannan ya nuna mazauninsa a kan layi tsakanin sifili da ɗaya. A kuma saba masa da karanta 0.25 "sifili ɗigo biyu biyar", a daina cewa "ashirin da biyar".

Wani zai ce ai akwai na'urar lissafi a kowace waya. Gaskiya ne, sai dai abin da aka danna mata shi take lissafawa. Wanda bai san wace lamba zai danna ba, shi ne zai sa hannu a takardar bashi mai ruwan kashi 5 cikin ɗari a wata, yana zaton ya fi kashi 30 a shekara sauƙi.