Daga Urafane zuwa kogin Isa: ruwa ke yanka ranar tafiya

Mutumin Urafane ya saba da rijiya da tabkin damina da ke ƙafewa bayan kaka, amma ruwan da ake kwana ana tafiya bisansa sai dai a labari. Shi ya sa duk wanda ya tara ɗan abin hannu ya yi niyyar hutunsa na farko cikin jirgin ruwa, zuciyarsa kogin Isa take nufa, wanda mutanen Nijeriya ke kira Kwara. Kogin ya zarce kilomita 4,000, kusan 550 daga ciki cikin ƙasar Nijar. Niyyar mai kyau ce, tun da gani ya kori ji, sai dai shirinta ya fi kuɗin mota nauyi.

Abu na farko shi ne lokaci. A Yamai kogin kan cika sau biyu a shekara. Cikar farko, ta jan ruwa, tana zuwa cikin Agusta da Satumba daga ruwan saman yankin, wanda rafuka irin su Sirba da Goruwal ke zubowa. Ta biyu ruwan duwatsun Gine ne, wanda ke daɗewa cikin fadamun Mali kafin ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu. Daga nan sai janyewa har bazara; a 1985 ma kogin ya daina gudu a Yamai. Babban hutun lakwal yana faɗawa cikin damina, lokacin da gona ke bukatar mai ita kuma ruwa ke da ƙarfi. Ƙarshen Disamba ya fi dacewa: hatsi na rumbu, zafi ya sauka, jirgi na da ruwan da zai ɗauke shi.

Na biyu, tafiyar ƙasa, wadda matafiyi ke tsarawa da kansa ba tare da ɗan jagora ba. Daga Urafane sai Tasawa, sannan babbar hanya ta ɗaya: Agye, Maraɗi, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai. Daga Tasawa tafiyar ta kusa kilomita 800. Mai hankali yakan raba ta biyu, ya kwana Maraɗi ko Ƙwanni, ya guji tafiyar dare, katinsa na ɗan ƙasa kuma a aljihu domin shingayen jandarma. Kuɗin komowa a ɗaure su dabam tun daga gida.

Na uku, zaɓen wuri, kuma a nan ne tsofaffin labarai ke ruɗin mutane. Akwai zamanin da jiragen kamfanin COMANAV na Mali ke ɗaukar baƙi daga Kulikoro zuwa Gawo cikin kwanciyar hankali. Ranar 7 ga Satumba 2023 aka kai wa jirgin da ake kira Tombouctou hari, gwamnatin Mali ta ce farar hula 49 suka mutu. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, wadda kasuwar Ayaru ke cikinta. A Kure, mazaunin raƙuman daji da ke bakin hanyar Doso, an kashe mutum 8 ranar 9 ga Agusta 2020. Saboda haka baƙon ruwa gara ya tsaya ga kewayen Yamai: yawon yamma cikin kwalekwale daga wajen gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, sai washegari ziyarar gidan tarihi na Bubu Hama. Duk abin da ya wuce nan, a tambayi hukuma tukuna. Raƙuman daji kuwa, a 2018 an kai 8 gandun Gadabeji, cikin jihar Maraɗi kanta.

Na huɗu, jirgin kansa. Lodi fiye da kima shi ke cin rayuka a wannan kogi. Cikin watan Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara, a jihar Kabi ta Nijeriya, da gomomin mutane. Kafin a biya ko dala, a ƙidaya waɗanda ke ciki, a nemi rigar da ke hana nutsewa, a yi ciniki kan tafiya da komowa, a tabbata za a fito tudu kafin magariba. Dorina daga nesa ake kallonta, kuma idan masunci ya ce a kauce, a kauce. Wanka a bakin kogi yana jawo tsargiya, kwana ba gidan sauro yana jawo zazzaɓi.

Wanda ya ga jirgi ya cika maƙil ya fasa shiga, bai yi asarar hutunsa ba. Gobe wani jirgin na nan, iyali kuma suna jiran tsaraba a Urafane.