Haba Malam, Ina Ka Bar Garland?

Na karanta rubutunka na makon jiya, inda ka ɗora wa 'yan Demokrat laifin duk rikicin tantance alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, wai su suka kashe sulhu tun da suka kayar da Robert Bork a 1987. Ai Bork an zaunar da shi, an yi masa tambayoyi, aka kaɗa ƙuri'a ya faɗi 58 da 42, har da sanatoci shida na Rifablikan cikin waɗanda suka ƙi shi. Bayan shekara shida, Ruth Bader Ginsburg ta wuce da 96 da 3. Wane sulhu ne ya mutu kenan?

Merrick Garland kuwa ka tsallake shi kamar ba a yi ba. Obama ya miƙa sunansa a Maris 2016, Mitch McConnell, jagoran 'yan Rifablikan a Majalisar Dattawa a lokacin, ya ƙi ko sauraronsa, wai zaɓe ya matso, a bar wa jama'a. Kwana 293 bawan Allah yana jiran gawon shanu. Sai ga 2020, Ginsburg ta rasu a Satumba, McConnell ɗin dai ya tabbatar da Amy Coney Barrett saura kwana takwas zaɓe, babu ƙuri'ar Demokrat ko ɗaya. Jama'ar fa, sun ƙaura ne?

Ban wanke Harry Reid na Demokrat ba, shi ya soke sharaɗin ƙuri'a 60 ga ƙananan kotuna a 2013. Amma wanda ya cire shi ga Kotun Ƙoli a 2017, don Neil Gorsuch ya wuce, ka san sunansa sarai.