Kafin a sayo ƙaron shimfiɗa, a gwada shi a ƙasarmu

Maƙalar wannan mako kan hanya ce.

Kwalta ta taso daga Tsafe, ta ratsa Gusau, ta wuce Bunguɗu. Da ka sauka daga kanta ka nufi ƙauye, sai jar ƙasa. Da damina motar soja kan kafe a laka, ɗan bindiga kuwa a kan babur yake, ko'ina ratsawa yake yi. Shi ya sa ɗauki kan iso bayan an gama ɓarna, ko da yake a Gusau hedikwatar rundunar Fansan Yamma take.

Siminti sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa. Soja a daji ba shi da wannan lokacin. Don haka rundunonin duniya ke gwada wani sinadari da za mu kira ƙaron shimfiɗa, don ya yi kama da ƙaron bishiya. Ruwa biyu ake haɗawa, a zuba kan ƙasa ko kan tabarmar zaren gilashi, cikin 'yan sa'o'i ya daskare, mota ta hau, jirgi mai saukar ungulu ya sauka. A 2001 sojojin Amurka sun fesa wani danginsa a sansaninsu na kudancin Afganistan don danne ƙura.

Ra'ayinmu shi ne, idan har za a kawo mana shi, kada a saya sai an gwada a nan. Zafi na gaggauta daskarewarsa, ranar Afrilu a Tsafe na iya sa ya sandare a bokiti kafin a shimfiɗa. Danshi na hana shi kama ƙasa, ga ruwan Agusta. Rana na cin sa a hankali, kuma da dala ake sayo shi. A ware fili a Bunguɗu, a shimfiɗa, ya ga bazara da damina, a sa malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kauran Namoda su auna. Kuma kada ya zama hujjar fasa zuba kwalta a hanyoyin karkara. Soja zai tashi wata rana, manomi da mai naƙuda suna nan.

Mu kuma marubuta, labaranmu sun cika da ƙarar bindiga da kukan marayu, amma da wuya mu rubuta mashigin da ya hana ɗauki isowa. Mu tambayi direbobi da leburori, mu koyi sunayen kayan aikin, mu sa su a rubutu.

Wace kalma kuke ganin ta fi ƙaron shimfiɗa dacewa? Allah Ya ba mu zaman lafiya.