Ƙwallon kwando na mata ya fara kawo kuɗi, saura maganar rabo

A watan Afrilu na 2024, mutum miliyan 18.9 ne suka kalli wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon ƴan matan jami'o'in Amurka, tsakanin South Carolina da Iowa. Washegari aka buga na maza, ya samu miliyan 14.8. Wannan ne karo na farko da mata suka wuce maza a wannan gasa, kuma tun daga ranar masu cewa wasan mata ba ya da kasuwa suka fara rage murya.

Kuɗi ba su daɗe ba suka biyo baya. A watan Yuli na shekarar, gasar WNBA ta ƙwararrun mata, wadda ta fara wasa a 1997, ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta shekara 11 da Disney da Amazon da NBC, a kan kimanin dala biliyan 2.2, wato miliyan 200 a kowace shekara daga 2026. Wannan ya ninka abin da take samu a da har sau uku. Ba don tausayin mata waɗannan kamfanoni suka zuba dukiyarsu ba. Fim ko waƙa mutum yana iya ajewa sai ya samu sarari, ya tsallake talla ya wuce. Wasa kuwa sai a lokacin da ake buga shi yake da daɗi, shi ya sa ya zama hajar da ta fi tsada a kasuwar nishaɗi. Wasannin maza sun riga sun yi tsadar da ba kowa ke iya taɓawa ba, na mata kuma suna da araha ga ƴan kallo na ƙaruwa. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Farashin kulob-kulob ya fi komai nuna inda aka dosa. A 2021 Mark Davis ya sayi Las Vegas Aces a kan kusan dala miliyan 2. Masu Golden State Valkyries sun biya miliyan 50 don shiga gasar, suka fara wasa a 2025, kuma duk wasan da suka yi a gida sai da tikiti ya ƙare a filin da ke ɗaukar mutum sama da dubu 18. A watan Yuni na 2025 aka ba biranen Cleveland da Detroit da Philadelphia gurbi, kowanne a kan miliyan 250. Wanda ya biya wannan kuɗi don kulob ɗin da ba zai buga wasa ba sai 2028 ko 2030, ba yayi yake bi ba.

Akwai masu cewa duk wannan hayaniya ta mutum ɗaya ce, Caitlin Clark, kuma in ta gushe kasuwa ta watse. Ba a musu cewa ita ta jawo ɗimbin sababbin ƴan kallo. Amma a kakar 2025 rauni ya hana ta wasa, sau 13 kawai ta shiga fili, kuma duk da haka gasar ta karya tarihin yawan masu shiga kallo da ke tsaye tun 2002.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabo. Albashin Clark a shekararta ta farko dala 76,535 ne, kusan sefa miliyan 46. A Maraɗi ko Damagaram wannan dukiya ce, amma Victor Wembanyama na Faransa, wanda aka ɗauka na ɗaya a NBA shekara guda kafin ita, ya fara da kimanin dala miliyan 12. Ba wanda ke cewa a biya su daidai, domin NBA ta ninka WNBA samu nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne kaso: maza na karɓar kusan rabin kuɗin da gasarsu ke shigarwa, mata kuwa har zuwa 2025 ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Wannan ƙarancin ne ya daɗe yana tura ƴan wasa ci-rani Turkiyya da Sin da Rasha in an tafi hutu, kuma a irin wannan tafiya aka kama Brittney Griner a Rasha a watan Fabrairu na 2022, ta kwashe wata goma a tsare.

Ƴan wasan sun gane darajarsu. Ƙungiyarsu, ƙarƙashin Nneka Ogwumike wadda iyayenta ƴan Najeriya ne, ta fice daga tsohuwar yarjejeniyar albashi a watan Oktoba na 2024. Napheesa Collier da Breanna Stewart kuma suka kafa tasu gasar ta uku-uku mai suna Unrivaled, wadda ta fara a Miami a Janairun 2025, da matsakaicin albashi sama da dala dubu 200 da hannun jari ga ƴan wasa. Wannan gargaɗi ne ga masu kulob: hajar da suke sayarwa tana da ƙafa, tana iya tashi ta koma wata rumfa. Babbar barazana ga bunƙasar wannan kasuwa ba rashin ƴan kallo ba ce, rowar masu jari ce.

A Afirka kuwa ko rumfar ba a kafa ba. D'Tigress ta Najeriya ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, na baya-bayan nan a Abijan a 2025 bayan doke Mali, kuma a Paris a 2024 ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƴan takwas a gasar Olamfik. Amma ita ce dai tawagar da a 2021 ƴan wasanta suka fito a bidiyo suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe, a 2022 kuma rikicin hukumar wasan ya sa gwamnati ta janye ƙasar, gurbinsu na kofin duniya ya koma hannun Mali. Galibin taurarinta a Turai da Amurka suke cin abinci. Gasar BAL da NBA ta kafa a nahiyar, wadda ta fara wasa a 2021, ta maza ce. Yarinyar da ke jefa ƙwallo a Bamako ko Yamai a yau, in ta yi fice, tikitin da za a sayar don kallonta a wata ƙasa za a buga shi, kuma can kuɗin za su zauna.