Wa Zai Duba Ruwan Laka?

A yawancin ikkilisiyoyin ƙasar Nijar, in yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, dattawa sun riga sun zaɓa masa hanya: ko likita, ko makarantar Littafi Mai Tsarki. In ya ce bincike yake so ya koya, ya yi shekaru yana duban ƙwayoyin cuta a madubin likita, sai a ce ya guji hidima, wai aikin da ba a taɓa majiyyaci ba aikin jinƙai ba ne. Wannan magana kuskure ce, sankarau kuwa shi ne shaida.

A shekarar 1996 sankarau ya kashe mutum wajen 25,000 a ƙasashen bakin hamada. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma allurar rigakafi ta lokacin ba ta daɗewa a jiki, ba ta kuma kare jarirai sosai. Abin da ya karya ƙwayar da ake kira A wata sabuwar allura ce, MenAfriVac, wadda masu bincike suka fara aikinta a 2001, ba a soma yi wa jama'a ita a Burkina Faso da Mali da Nijar ba sai a 2010. Shekara tara! Da dattawan nan ne ke riƙe da kuɗin aikin, da tun shekara ta biyu sun ce a rufe.

Cutar kuma ba ta ƙare ba. A 2015 ƙwayar C ta ɓarke a Nijar, ta kashe fiye da mutum 500, allurar A kuwa ba ta tsare ta. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya iri ɗaya ne. Sai an ɗebi ruwan laka an kai ɗakin gwaji, kamar na CERMES a Yamai, kafin a san irin ƙwayar da allurar da za a nema. Mai wannan aiki ba ya faɗowa daga sama. Bayan digirin farko yana bukatar shekaru a ƙarƙashin gwani, a wuri irin cibiyar Noguchi ta Jami'ar Gana, wadda aka buɗe a 1979.

Ikkilisiya tana alfahari da asibitin Galmi tun 1950, daidai ne kuwa. Amma tana tara baiko domin kwanon rufi da kayan kiɗa, ɗalibin bincike kuma ana tambayarsa yaushe zai bar karatu ya yi aure.